Idan Niyya Ta Yi Kyau, Magani Ya Cuta

 

Tambayarmu ta wannan mako ita ce: mutumin da ya yi wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa maganin gida don tausayi, da zuciya ɗaya, sa'an nan maganin ya zama sanadin cuta, shin akwai alhaki a kansa, ko kuwa kyakkyawar niyyarsa ta wanke shi? Wani zai ɗauka tambaya ce ta zauren malamai, alhali kuwa a tsakar gida take aukuwa, musamman a watannin hunturu.

Duk wanda ya san ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har ya zuwa Babura can bakin iyakar Nijar, ya san yadda sanyin Disamba da Janairu yake ratsa ƙashi. Da asuba sai ka ji dattijo yana nishi kafin ya miƙe zuwa masallaci, gyatuma kuwa sai ta dafa bango ko turmi kafin ta tsaya da ƙafafunta. Mutane ne da suka ƙarar da ƙarfinsu a sunkuye, maza da fartanya a gonakin gero da dawa da gyaɗa, mata a gindin turmi da bakin rijiya, waɗansu kuma suna hawa da gangara a duwatsun Roni da kaya a ka. In yamma ta yi sai a hura garwashi a kasko, a ɗora ruwa, a ɗauko man zafi. 'Ya'ya da jikoki da surukai kowa yana neman ladan jinya, kowa kuma da maganin da ya ji an yaba. Tsoho dai abin da yake faɗi bai wuce "ƙafata" ba, mutanen gida kuma su ce sanyi ne. To, a ƙarƙashin wannan kalma guda, sanyi, cututtuka biyu ne suke kwance, halinsu kuwa ya saɓa ƙwarai.

Ta farko ita ce amosanin gaɓɓai, wadda waɗansu ke kira sanyin ƙashi. Galibinta ga tsofaffi zaizayewar guringuntsi ce, watau tattausan abin nan da Allah Ya shimfiɗa a kan ƙarshen ƙasusuwa domin kada su gogi juna. In ya sirance sai gaɓa ta riƙa ciwo da ƙara da sagewa, musamman gwiwa da ƙugu da yatsun hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane wajen miliyan 528 ne ke da wannan ciwo, kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kashi 60 cikin 100 kuma mata ne. Ciwo ne mai ƙara. Mai shi yana jin sa, yana faɗi, kuma ɗumi yakan sassauta masa. Tsumma mai ɗumi a kan gwiwa, da tausa da man kaɗanya ko man zaitun, da tafiya kaɗan-kaɗan kullum, da rage ƙiba ga mai ita, da riƙe sanda, duk abubuwa ne da likita ma zai yarda da su. Citta da gangamau an gwada su a asibitoci, an ga sukan rage zafin kaɗan ga waɗansu mutane, ko da yake ba sa mai da guringuntsin da ya tafi.

Ta biyu ita ce lalacewar jijiyoyin ji a ƙafa saboda ciwon sukari. Sukari in ya daɗe da yawa a jini yakan ɓata siraran jijiyoyin da ke kai saƙon taɓawa da zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da haka in shekaru suka yi nisa. Daga yatsu yake farawa, a ƙafa biyun duka, yana hawa sannu kamar ana sa safa. Da fari mutum zai ce tafin ƙafarsa yana raɗaɗi kamar an zuba barkono, ko ana tsira masa allura, ko kiyashi na yawo, ya fi tsananta da dare. Daga baya sai raɗaɗin ya lafa ga waɗansu, mutanen gida su yi hamdala su ce maganin ya karɓe shi. Ashe ƙafar ce ta daina ji. Ga shi kuma sau da yawa hanyoyin jini sun ƙuntata, rauni ba ya saurin warkewa, ƙwayoyin cuta kuma sun fi samun hali.

A nan ya kamata mai hankali ya dakata ya yi tunani a kan zafin ciwo kansa. Muna ƙin sa, muna neman tsari daga gare shi, amma mai gadi ne Allah Ya ajiye a jiki. Shi ke sa ka janye hannu daga wuta kafin ka yi shawara, shi ke sa ka tsaya ka cire ƙaya. Mun daɗe muna ganin kutare, muna zaton cutar ce da kanta take cinye yatsu. Wani likitan Ingila, Dokta Paul Brand, wanda ya fara aiki a asibitin Vellore a ƙasar Indiya a 1946, shi ya nuna cewa galibin asarar yatsun daga rashin ji take zuwa: ƙuna da yanka da gurzuwa waɗanda mai su bai san sun same shi ba, yana ta takawa a kansu har su ruɓe. Da ya koma Amurka a 1966 sai ya ga ƙafar mai ciwon sukari ma haka take. Saboda haka ruwan zafin da ya zama rahama ga gwiwar mai amosani, shi ne wanda zai saɓule fatar ƙafar mai sukari yana zaune yana hira, har yana cewa a ƙara. Haka kaskon garwashin da aka tura masa gindin ƙafa da dare. Haka dakakkiyar tafarnuwa in an ɗaure ta a fata, domin tana ƙuna. Balle tsaga da ƙaho da sakiya, waɗanda buɗe ƙofa ne da gangan a wurin da ƙofa ba ta rufuwa da sauƙi. Dattijai da yawa kuwa suna ɗauke da cututtukan nan biyu a ƙafa guda, gwiwa tana kuka, tafin ƙafa ya yi shiru.

Kada a ce tsoratarwa ce kawai. Tsakanin Maris 2016 da Afrilu 2017 likitoci sun bi diddigin mutum 336 da aka kwantar da gyambon ƙafa na ciwon sukari a manyan asibitoci shida na Nijeriya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Wajen kashi 35 cikin 100 sai da aka yanke musu wani sashe na ƙafa, wajen kashi 20 cikin 100 kuma suka rasu. Mafi yawansu ba su zo ba sai da gyambon ya haura wata guda. Wani nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya nuna cewa a arewa maso yamma ciwon sukari ya fi ƙaranci a duk ƙasar, wajen mutum 3 cikin 100. Abin godiya ne, amma mutum 3 cikin 100 a kasuwar Kazaure ko ta Babura ba su da kaɗan, da yawansu kuma ba a taɓa auna jininsu ba.

To, mu koma ga tambayarmu. Ga ɗa mai biyayya, ya ɗebo ruwa, ya sayi itace da kuɗinsa, ya durƙusa gaban mahaifinsa yana gasa masa ƙafa. Bayan kwana uku fata ta tashi, bayan wata biyu likita a Kano ya ce sai an yanke. Mai laifi ne?

Jama'a za su yi saurin cewa a'a, ai ayyuka da niyya suke, kuma haka Allah Ya ƙaddara. Maganar tana da gaskiya a cikinta, ba kuwa zan so a ɗora wa irin wannan ɗa nauyin da zai hana shi barci har ƙarshen rayuwarsa ba. Amma niyya tana da iyakar aikinta. Ita ce ke rarrabe aikin da aka yi don Allah da wanda aka yi don idon mutane, ba ta kuwa canza halin ruwan zafi. Malamanmu sun daɗe suna koyar da cewa aiki yana buƙatar abu biyu, tsarkin niyya da dacewa da daidai, kuma bai halatta ga baligi ya shiga wani al'amari ba sai ya san hukuncinsa ko ya tambayi masana. Yaran makarantun allo da na zaure a Kazaure suna karanta wannan tun a Ahalari. Mun taƙaita shi ga alwala da salla, alhali jikin mahaifi ma amana ce.

Akwai wani labari da Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir, Allah Ya yarda da shi, wanda ya dace da wannan wuri fiye da duk wata hujja da zan iya kawowa. Waɗansu sahabbai suna cikin tafiya sai dutse ya fasa kan ɗayansu. Da dare wanka ya wajaba a kansa, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama. Suka ce ba su ga sauƙi gare shi ba tunda ga ruwa. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi musu faɗa mai tsanani, ya jingina mutuwar mutumin gare su, ya kuma zarge su a kan rashin tambaya tunda ba su sani ba. Ka duba, ya ɗan'uwa mai karatu. Waɗannan mutane ba maƙiyansa ba ne, kishin addininsa suke yi, niyyarsu fara tas. Ba a tuhume su da mugun nufi ba. An tuhume su da amsa abin da ba su sani ba, alhali akwai wanda za a tambaya.

Daga nan muna iya raba jahilci gida biyu. Akwai na mutumin da bai taɓa ji ba, ba shi kuma da hanyar ji. Tsohuwa a wani ƙauye na Gwiwa wadda ba a taɓa gaya mata mijinta yana da sukari ba, ta gasa masa ƙafa yadda ta ga uwarta tana yi, wannan muna kyautata zaton ladan jinya kawai za ta tarar. Akwai kuma na mutumin da aka riga aka gaya masa a asibiti cewa tsohonsa yana da sukari, aka ba shi ranar dawowa, ga wayar hannu a aljihunsa, ga ma'aikacin lafiya a unguwarsu, amma ya zaɓi maganar mai lasifika a tasha saboda ta fi sauƙi ko ta fi daɗin ji. Wannan ya yi sakaci, tausayinsa kuma bai shafe sakacin ba. A ganina ma, gwargwadon kusancinka da majinyaci da yardar da ya yi maka, gwargwadon nauyin tambayar da ke kanka. Tsoho ba ya binciken abin da ɗansa ya miƙo masa, buɗe baki kawai yake yi.

Akwai kuma mutum na uku wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau mai zuwa dubiya. Al'adarmu ce ba a tashi daga gaban majinyaci sai an bar masa sunan magani. "Allah Ya ƙara sauƙi, Baba. An kuwa gwada saƙe-saƙin maɗaci? Wallahi wani maƙwabcinmu shi ya sha ya miƙe." Ya faɗa, ya sa takalmi, ya tafi, ba zai kuma sake tambayar abin da ya biyo baya ba. Shari'a ba ta ɗauki irin wannan da wasa ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, Ibnu Rushdi kuma, malamin Malikiyya na Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1198, ya ambata a cikin Bidayatul Mujtahid cewa babu saɓani a kan haka, domin mai yin hakan ya ƙetare iyaka. Ba ina cewa alƙali zai ci mai dubiya tara ba. Amma wanda ya san shari'a tana kallon magani a matsayin abin da ake biyan diyya a kansa, zai riƙa auna harshensa a gaban majinyaci.

Na san abin da wani zai ce: Malam, zuma fa, da habbatus sauda, da ƙaho? Ashe ba a cikin hadisai ingantattu suka zo ba? Sun zo, babu mai musun haka, kuma Buhari ya keɓe babi sukutum ga magani a cikin littafinsa. Amma mu ji yadda malaman da suka fi mu sanin hadisi suka fahimce su. Ibnu Hajar, a sharhinsa ga hadisin habbatus sauda, ya kawo maganar Haɗɗabi cewa lafazin gamamme ne amma keɓantaccen abu ake nufi. Ya kuma kawo maganar Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, shi ma Bamalike, wanda ya rasu a 1148, cewa zuma ta fi habbatus sauda kusa da zama maganin kowace cuta a wurin likitoci, amma duk da haka akwai cututtukan da in mai su ya sha zuma za ta cutar da shi. Wannan magana an yi ta shekara ɗari takwas da ɗoriya kafin a ƙera na'urar auna sukari. Yau mun san galibin abin da ke cikin zuma sukari ne, kuma mai ciwon sukari in ya riƙa shan ta cokali-cokali safe da yamma, jininsa zai nuna. Ibnul Ƙayyim ma, wanda ya rasu a 1350, kuma littafinsa ne madogarar masu maganin Musulunci na yau, ya yi ta nanata cewa magani yana bin gwargwado da lokaci da ƙasa da halin majinyaci. An kuma ruwaito cewa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Manzon Allah ya ce a kai shi ga Harisu ɗan Kalada, likitan Ɗa'ifa. Wanda ya ɗauki hadisin ƙaho ya sa wanzami ya tsaga ƙafar da ba ta ji, bai bi sunna ba, ya ɗauki rabin ilmi ne ya bar rabi.

Ba kuwa raina itatuwanmu nake yi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido, yana tsakiyar ɗawainiyar mulki. Ƙwayar metformin da ake ba masu ciwon sukari a asibitin Kazaure da na Babura, asalin iliminta daga wani tsiro ne na ƙasashen Turai, wani likitan Faransa mai suna Jean Sterne ya fara gwada ta ga masu sukari a 1957. Asfirin ma tushensa ɓawon itace ne. Kai, har barkonon da ke cikin miyarmu an ciro sinadarin zafinsa an yi man shafawa na ciwon gaɓɓai, a 2020 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani manne mai ƙarfi da aka yi da shi don raɗaɗin ƙafar masu sukari, wanda a asibiti kaɗai ake liƙa shi. Abin da ya raba waɗannan da jiƙon da ke cikin kwalbar lemo shi ne awo: an san nawa ne a ciki, an san wanda zai sha da wanda ba zai sha ba. Hulba takan sauke sukari kaɗan, haka ake faɗi game da garahuni da shuwaka da zogale, amma tsohon da ya haɗa su da ƙwayar asibiti ba tare da sanin likita ba, ga shi bai ci abinci sosai ba, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa, ya yi gumi, ya yi makyarkyata, ya suma, a ce iska ce ta taɓa shi. Wanda kuma ya ajiye ƙwayar ɗungum saboda an ce masa ɗaci yana kashe zaƙi, jijiyoyinsa suna ci gaba da lalacewa cikin shiru. Shi ya sa ya fi kyau a ɗauki ƙullin maganin a tafi da shi asibiti a nuna, ba tare da jin kunya ba.

Amma akwai waɗanda ban sami uzurin da zan ba su ba. Su ne masu ƙulla ƙwayoyi biyar ko shida a leda su ce haɗin ciwon jiki ne, da masu niƙa ƙwaya su cuɗa da garin itace su kira shi maganin gargajiya ko na Musulunci. Abin da ke sa irin wannan haɗi ya yi aiki kamar yankan wuƙa sau da yawa shi ne dexamethasone ko prednisolone, tare da diclofenac ko piroxicam. Gwiwa za ta saki cikin kwana biyu, tsoho ya yi ruku'u da sujada yana sa wa mai magani albarka. Amma biyun farko suna ɗaga sukari da hawan jini, suna kumbura fuska, suna rage ƙarfin ƙashi, suna hana rauni warkewa. Biyun ƙarshe kuwa in an daɗe ana sha sukan ƙwaƙule ciki har ya yi jini, su kuma taɓa ƙoda, ƙodar mai sukari kuwa dama a wahale take. Mai sayar da wannan ya haɗa algus da cutarwa, in kuma ya lulluɓe shi da ayoyi da salati ya ƙara na uku. A kuma lura, lambar hukumar NAFDAC da ake gani a jikin kwalbar maganin itace tana nufin an duba ba guba ba ne ga mai sha yadda aka tsara, ba shaida ce cewa yana warkar da cututtukan da aka jera ba, hukumar ma takan sa a rubuta haka a jikin kwalin.

Saura hujja guda, ita ce kuwa mafi nauyi. Talaka zai ce: kun ce a tambayi masani, to ina masanin? Daga ƙauyukan Roni ko Gwiwa zuwa Kazaure kuɗin mota ne, daga Kazaure zuwa Kano wajen kilomita 80 ne, tun daga 2023 da darajar naira ta faɗi kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, ciwon sukari kuwa ba a gama shan maganinsa. Mai lasifika shi ne ya zo har ƙofar gida, ya kuma karɓi abin da ke aljihu. Wannan magana gaskiya ce, kuma tana ɗauke wani kaso na alhakin daga kan ɗan talaka ta mai da shi kan waɗansu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa ilmin likita cikin farillan kifaya, ya kuma koka da garuruwan da suka cika da masu gardamar fiƙihu alhali babu likita Musulmi a cikinsu. Farillar kifaya in an bar ta kowa da ke da iko ya shiga laifi. Saboda haka hukuma tana da rabonta, attajirin da ke zuwa Umra kowace shekara alhali ɗakin shan magani na garinsu ba shi da na'urar auna sukari yana da nasa, mu masu hawa mumbari da ba mu taɓa ware huɗuba guda a kan wannan ba muna da namu. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a auna sukari cikin minti guda. Kwamitin masallacin Juma'a da ya iya sayen lasifika da janareta ba zai kasa sayen wannan na'ura ba, ya nemi ma'aikacin lafiya ya riƙa zama da ita bayan salla.

Duk da haka, mafi yawan abin da ke tsare ƙafar mai sukari ba ya cin ko sisin kwabo, kuma shi ne maganin gida na haƙiƙa. A auna ɗumin ruwan alwala da gwiwar hannu kafin ya taɓa ƙafa. A goge tsakanin yatsu bayan alwala, domin a mazhabarmu ta Malikiyya goge gaɓɓai da ƙyalle halal ne. A shafa man kaɗanya a diddige saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu. A bar yanke ƙirci da kaushi da reza. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida, balle a gona inda tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa suke, balle kuma simintin harabar masallaci da azahar a watan Afrilu. Likitocin aikin Hajji sun san alhazai masu sukari da ke ƙone tafin ƙafa in takalminsu ya ɓace suka taka daɓe da rana. Gaɓar da ta kumbura ita kaɗai, ta yi ja da zafi, ga zazzaɓi, ba ta gida ba ce, haka duk ƙurji ko baƙi ko ɗoyi a ƙafar mai sukari. Ranar da aka gani ranar za a tafi. Raɗaɗin dare ma yana da magungunansa a asibiti, likita kuma yakan duba ko ƙarancin sinadarin B12 ya taimaka, domin daɗewa a kan metformin yakan rage shi.

Shi kuma mai ciwon gwiwa da ke haɗiyar ƙwayoyin leda don kawai ya iya sujada kamar kowa, a tuna masa da Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, wanda basir ya dame shi, Manzon Allah ya ba shi izinin salla a zaune in tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe in zaman ya gagara. Dattijanmu suna jin nauyin a gan su a kan kujera a cikin sahu, kamar an ce sun gaza. Liman ne ya kamata ya cire musu wannan nauyi da bakinsa, a gaban jama'a.

Abu mafi wuya a cikin duk wannan shi ne duba ƙafar. Tarbiyyarmu ta kunya ba ta saba da ɗa ya kama ƙafar mahaifinsa yana jujjuyawa ba, balle suruka, tsoho kuma idonsa ya raunana, bayansa ba ya lanƙwasuwa, ba zai ga tafin ƙafarsa ba. Sai a sa mutum guda a gidan wanda ya fi sakewa da shi, galibi jika, tunda tsakaninsu akwai wasa. Kowace rana bayan la'asar, tun da sauran haske, ya zo ya ce, "Kaka, kawo ƙafar in gani," ya duba diddige da tafin da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya sa hannu cikin takalmin ya lalubo ko akwai tsakuwa ko ƙusa.